Gidan Zanzaro a Fiffiken Jirgi

Babana maigadi ne a filin jirgi. Idan na faɗi haka a gaban baƙi sai ka ga sun gyara zama, suna zaton irin filin da ake nunawa a talabijin ne, ni kuwa ba na gaggawar gyara musu. Gaskiyar magana fili ne na jar ƙasa da aka share a bayan Shabu, kusa da Lafia, mallakar wani kamfanin noma. Akwai rumfar kwano guda marar bango, da 'yan durom-durom na mai, da jirgi ɗaya tilo. Mutum huɗu jirgin yake ɗauka, farfela ɗaya ce a hancinsa, kuma in ka tsaya a gefensa kana iya dafa fiffikensa da hannu. Da shi ake zagaya gonakin kamfanin, wani lokaci a kai manya Makurdi ko Jos.

Aikin Baba shi ne ya cike ramukan da ruwan sama ya ci, ya tsince duwatsu, ya kori shanun Fulanin da ke ratsa filin, sannan ya ɗaga farin ƙyalle in hanya ta yi tsaf. Amma yadda yake goge kakinsa da dutsen guga na gawayi sai ka rantse shi ke tuƙin. Matuƙin gaskiya wani Tibi ne dogo, mai furfura a gefen kunne, kowa Kyaftin yake ce masa. Hausarsa ta kasuwa ce, mace da namiji duk “kai” ne a bakinsa. Shi da Baba sun shaƙu ƙwarai. In ya sauko daga Makurdi sai ya zo masa da lemo a buhu, Baba kuma ya ajiye masa dafaffiyar gyaɗa.

A daminar da nake magana, lokacin wayar hannu ba ta daɗe da shigowa Lafia ba, ina koyarwa a wata firamare a Bukan Sidi, can nake aure. Ciki biyu na yi kafin nan, duka suka zube. Da na uku ya kai wata shida, Inna ba ta jira an kawo ni goyon ciki ba, da kanta ta zo ta tattara kayana. Mijina ya buɗe baki zai yi magana, ta kalle shi sau ɗaya, sai ga shi yana ɗaura akwati a bayan acaɓa.

A gidanmu ba a fasa gidan zanzaro in akwai mai ciki. Wannan ƙwaron mai siririn ƙugu da ke ɗauko laka yana gini a jikin bango, Inna ta ce in ya zaɓi wurinka ya yi gini, mai cikin gidan za ta sauka lafiya, in kuwa aka rushe masa, to cikin ma ya bi shi. Inna 'yar Keana ce, amma har yau ban sani ba ko al'adar mutanenta ce ko ta kakata ce ita kaɗai. Ni dai camfi nake kiransa, kuma ba a ɓoye ba, domin ni ba na tauna magana. Sai dai akwai abu ɗaya. Kafin cikina na biyu ya zube, na kankare wasu gidajen zanzaro a ɗakina zan shafa farar ƙasa saboda Sallah. Da Inna ta zo jinya ba ta zarge ni ba. Bangon kawai ta duba, ta ce, “Wa ya kankare nan?” Na yi mata tas a ranar, ina kuka ina faɗa. Ta bar maganar, amma ba ta manta ba, Baba ma haka.

To wata rana da yamma Baba ya dawo fuskarsa wasai. Ni ce 'yarsa ta fari, sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma ko da wasa bai taɓa furta kalmar ciki a gabana ba. In yana so in ji magana, Inna yake gaya wa da ƙarfi.

“Yau na yi baƙo a wurin aiki,” in ji shi, yana cire takalmi. “Zanzaro ne. Duk faɗin dajin nan bai ga wurin gini ba sai jikin jirginmu. Akwai wani ɗan bututu a ƙarƙashin fiffike, bai kai kaurin ɗan yatsa ba. Nan yake shiga da laka yana fita.”

Inna ta ɗaga hannu sama tana hamdala. Ni kuwa na ce, “To Baba, jikan naka matuƙin jirgi ne ke nan.” Inna ta jefe ni da mafici don rashin kunya, Baba ya yi kamar bai ji ba, amma na ga yana murmushi. Sati uku jirgin ya yi a rumfa saboda Kyaftin ya tafi hutu, zanzaro ya samu sarari ya gama aikinsa a tsanake. Ba wanda ya kawo komai a ransa, har ni mai taƙama da boko.

A asibiti an ce in riƙa tafiya, don haka ni ke kai wa Baba koko da ƙosai da safe, tunda filin ba nisa da gida. Shi ya sa abin ya faru a kan idona.

Ranar da Kyaftin ya dawo an kwana ana ruwa, gari ya waye fes. Ya gaishe ni, “Malama, sannu. Kana tafiya, da kyau.” Sannan ya zagaya jirgin kamar yadda ya saba, yana taɓa nan yana leƙa can, ya tsiyayi mai a ɗan kofin gilashi ya ɗaga shi sama ya duba. Har bututun nan na ga ya leƙa ya wuce. Fasinjansa ɗaya ne, wani malamin gona mai tumbi. Baba ya ɗaga ƙyalle. Jirgi ya ruga, ya watsa mana jar laka, ya tashi ya haye bishiyoyin mangwaron da ke ƙarshen filin.

Ina zuba koko a kofi sai na ji injin ya yi tari. Ya sake yi. Daga nan sai shiru.

Na ji ƙararraki masu ban tsoro a rayuwata, amma ban taɓa jin abin da ya kai wannan shirun ba. Jirgi yana sama, ga shi muna gani, kuma ana jin kukan tsuntsaye. Baba ya fara salati da ƙarfi, yana yi wa jirgin alama da ƙyalle wai ya juyo. Bai juyo ba. Sai ma ya dunƙufar da hanci ƙasa, ya miƙe sak, ya ɓace a bayan bishiyoyi. Muka ji wani tim, sannan wani dogon jan abu a ƙasa.

Baba ya ruga. Ya ce in tsaya, ban tsaya ba, na bi shi ina riƙe da ƙugu ina haki. A gonar agushin wata mata 'yar ƙabilar Eggon muka same su. Ta tara gunar da ta fasa tsibi-tsibi tana jira ta ruɓe ta wanke, jirgi ya bi ta kai yana zamewa, tayar gaba ta karye, farfela ta lanƙwashe, hancinsa ya kafe a ƙasa. Wari kuwa ba a magana. Malamin gona ya riga ya fice, yana can gindin ɗorawa ba takalmi, yana rantsuwa da duk abin da ya sani cewa shi da jirgi har abada. Kyaftin yana zaune a kan kunyar gona, goshinsa ya fashe kaɗan. Mai gonar ta iso da fartanya, ta dubi jirgi, ta dubi agushinta, ta ce in dai haka yake fasa guna, to a riƙa turo mata shi duk shekara. Kyaftin ya yi dariya har da hawaye, mu ma muka yi, don ba mu san abin da za mu yi ba in ba ita ba.

Baba ya tambaye shi me ya hana shi juyowa fili, ga shi kusa. Ya ce, “Baba maigadi, in inji ya mutu kana ƙasa-ƙasa, ba a juyawa. Wanda ya juya, jirgi ya kife da shi. Abin da yana gabanka, shi za ka ɗauka. Yau Allah ya ba ni agushi. Da gonar doya ne, da yanzu kana tsince ni.”

Aka jawo jirgin da tarakta zuwa rumfa, aka kira injiniya daga Kaduna. Kusan wata guda ana gyara. Abin da ya ɗaure wa kowa kai, da aka sa sabuwar farfela aka murza makulli, injin ya tashi garau kamar bai taɓa yin laifi ba. Injiniya ya ce mai ne bai isa inji ba, alhali ga tanki cike. Da ya bincika sai ya tarar ruwan sama ya shiga ɗaya daga cikin durom-durom ɗin, ya ce to ga ɓarawon nan. Aka zubar da man, aka wanke, aka kawo sabo, aka sa ranar Alhamis Kyaftin zai tashi ya gwada.

Ina wurin ranar Litinin da Baba ya tambayi injiniya, a cikin hira kawai, mene ne amfanin ɗan bututun nan na ƙarƙashin fiffike. Mutumin yana goge hannu da tsumma ya ce, “Ai ta nan tanki ke numfashi, Baba. Ka san gwangwanin madara? In ka huda shi wuri ɗaya zai ɗan zuba ya tsaya, sai ka yi masa huda ta biyu iska ta shiga. To wannan ita ce huda ta biyun.”

Na dubi Baba, shi kuma ya dubi ƙasa. Ni da shi mun gane a lokaci guda: zanzaro ya toshe hudar daga can ciki inda ido ba ya kaiwa, kuma ginin yana nan. A ƙasa inji zai yi ta ruri yana yaudarar mutane, amma in jirgin ya tashi ranar Alhamis, zai sake yin shiru a kan bishiyoyin mangwaro. Gonar agushi kuwa an riga an yi mata tulin doya.

Na yi zaton a nan take zai faɗa. Bai faɗa ba. Haka muka dawo gida. Talata ya bar tuwonsa a rufe, bai kunna rediyonsa ba, kakin ma bai goge ba. Ni kuwa raina ya yi ta tafasa. Na san abin da ke cinsa, ba aikin yake tsoron rasawa ba. In ya faɗa, za a fasa ginin, ni kuma saura mini sati biyar in haihu.

Laraba bayan la'asar na same shi a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar gida yana jan carbi. Na zauna a ƙarshen tabarmar, abin da ban saba yi ba.

“Baba, gobe Alhamis.”

“Na sani, Uwata. Ba zai tashi ba gobe. Na yi magana da Arɗon Fulanin nan, za su koro shanu cikin filin tun da sassafe.”

Na rasa dariya zan yi ko kuka. Mutumin da ya yi shekaru yana korar shanun nan, yau shi ne ya je roƙon a shigo da su.

“Jibi fa? Gata fa? Sati biyar shanun za su yi a filin? Baba, Kyaftin yana da 'ya'ya. Lemonsa muke sha a gidan nan.”

Ya ajiye carbin. Sannan ya ce, ba tare da ya dube ni ba, “Na san abin da malamai suka ce. Na san ƙwaro ba ya ba da rai, ba ya karɓa. Amma sau biyu ina tsaye a ƙofar asibiti ana fito mini da zanenki. In aka fasa, kuma wani abu ya same ki, da wane ido zan kalli uwarki? In na yi shiru kuma ya faɗi, da wane ido zan kalli Ubangijina?”

Tun da nake ban taɓa jin ya yi magana a kan ɓarin nan ba. Duk faɗan da na zo da shi sai ya narke. Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, na kuma ji kunyar yadda na yi kwana biyu ina hararsa. Na ce, “Gobe tare za mu je.” Inna tana bayan ƙyaure tana jinmu. Da safe ita ta miƙo mini mayafi.

Mun tarar da shanu sun cika filin kuwa, Arɗo ya cika alkawari. Kyaftin yana tsaye hannu a ƙugu yana cewa, “Wane irin wahala ne wannan kuma?” Baba ya je gabansa, ya cire hularsa ta aiki ya riƙe a hannu, ya faɗi komai. Ya faɗi ranar da ya ga zanzaron, ya faɗi dalilin da ya sa ya ƙyale shi, har maganar shanun bai rage ba. Bai tsallake ko ɗaya ba.

Injiniya ya kwance bututun, ya sa a baki ya hura. Kumatunsa suka kumbura, iska ba ta fita ba. Ya sake hurawa har idonsa ya yi ja. Sai ya zauna a kan durom, ya dafe kai, ya ce, “Innalillahi. Da ni na kashe mutum yau.” Ya ɗauko siririyar wayar ƙarfe zai zura. Na ga Baba ya runtse ido.

“Malam, ba ni,” na ce.

Ya dube ni da mamaki.

“Ni ce mai cikin. In akwai abin da zai biyo baya, kada ya bi ta hannun kowa. Ba ni.”

Zan faɗi gaskiya, domin na daɗe ina ba da labarin nan kamar ni jaruma ce. Da na karɓi wayar, sai na tsaya ina kallon bututun. Ni da na yi shekaru ina cewa camfi, sai ga bangon ɗakina na Bukan Sidi ya dawo mini a ido, da muryar Inna tana tambayar wa ya kankare. Tsoro na ji, tsoro sosai. Na yi bismillah na tura. Da farko ta ƙi, sai na ƙara ƙarfi, na ji abu ya ɓare. Busasshiyar jar laka ta zubo a kan murfin durom, da matattun gizo-gizo ƙanana da zanzaron ya tara wa 'ya'yansa. Duka abin bai cika cokalin shayi ba. Injiniya ya hura, bututu ya yi fito.

Kyaftin ya daɗe yana kallon wannan 'yar ƙasar. Baba yana tsaye yana jiran a ce ya ajiye kaki. Can sai Kyaftin ya karɓi hular daga hannunsa ya mayar masa a kai.

“Baba maigadi, ni ma na duba wannan rami ranar, ban gani ba. Injiniya ya duba, bai gani ba. Kai kaɗai ka gani. Laifinka, ka gani ka yi shiru. Laifina, shekara nawa muna tare, ban taɓa gaya maka aikin ramin ba.” Ya juyo gare ni. “Malama, ka gaya wa Mama ya ɗinka mana hula. Kowane rami a jikin jirgi, hula ɗaya. Ja, mai dogon igiya, don a gani daga nesa.”

Ban san abin da ya rubuta wa manyansa ba, amma ba a kori Baba ba. Inna ta ɗinka hulunan da ragowar jan yadi, tana yi tana mita wai ita da ta haifi mutane yau ta koma yi wa jirgi kayan sanyi. Daga ranar, in jirgi ya sauka Baba ne ke rufe ramukan, in zai tashi shi ke cirewa, ya jera hulunan a tafin hannu ya nuna wa Kyaftin ta taga kafin ya ɗaga ƙyalle. Ranar Asabar aka yi gwajin. Jirgi ya haye mangwaro, ya haye gonar doya, muna ta kasa kunne, ƙarar ba ta yanke ba har ya zama ɗigo.

Sati biyar ɗin nan kuwa sun yi mana tsawo. Ba wanda ya sake ambaton zanzaro a gidan. In na yi atishawa Inna sai ta leƙo. Baba kullum kafin ya tafi aiki sai ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, “Uwata, an tashi lafiya?” kuma ba ya motsawa sai na amsa da ƙarfi. Ni ma in abin cikina ya daɗe bai motsa ba, sai in sha ruwan sanyi in zauna ina jira.

Ranar wata Juma'a da hantsi na haihu, mace, mai ƙarar murya kamar uwarta. An ce da nas ta fito ta faɗa, Baba zama ya yi a ƙasa da kakinsa gogagge.

Ana gobe suna, mata suna share ɗakina, sai ƙanwar Inna ta jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin gadona, an rufe bakinsa da jan ƙyalle an ɗaure da zare. Ta ce wannan kuma fa? Na buɗe. Jar lakar nan ce. Ashe ranar da na fasa ginin, bayan mun watse Baba ya koma ya tattare ta daga kan murfin durom, ya jiƙa ta da ruwa, ya mulmula ta da yatsunsa, har ya yi mata 'yar ƙofa da tsinke. Ginin bai yi kyau ba ko kaɗan, ko zanzaro makaho ba zai shiga ba. Sati shida ina kwana a kansa ban sani ba.

Na ɗauki jaririyar da gwangwanin na fita zaure, ko da yake mai jego ba ta fita. Na ɗora masa ita a cinya, na ajiye gwangwanin a gabansa. Ya dubi gwangwanin, kunya ta kama shi, ya rasa inda zai sa ido.

“Baba,” na ce, “wannan ginin naka ai ko kyauta ba wanda zai karɓa.”

Ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa, ya ce, “To ai ya riƙe, Uwata.”

Na buɗe baki zan ce camfi ne. Sai na ga yadda ya tallafo kanta da hannu biyu, na yi shiru.